Na Sa Hannu Cewa Ya Gudu, Alhali Bai Gudu Ba

Zuwa ga Gwaggo Aisa,

Assalamu alaikum. Gwaggo, ki taimake ni don girman Allah. Wata uku ke nan ina ɗaukar bik ɗin rubutu ina ajiyewa, yau dai na ce ko me za a yi sai na rubuto miki, don abin ya kai ko tuwo na kai baki ba na jin ɗanɗanonsa. Ni ɗan sanda ne, birgadiye, shekarata ashirin da biyu cikin kaki. Ina aiki a wani gari na bakin iyaka a nan yankinmu na Magariya da Dungas. Ba zan faɗi sunan garin ba, mutanen ma duk na sake musu suna. Wanda ya gane, ya rufa mini asiri yadda Allah ya rufa masa.

Bari in fara gaya miki yadda muke a da, ba don in wanke kaina ba. Shekara uku da suka wuce mu shida ne a komisariyarmu, har da komisar. Mu shida ga gari guda, ga ƙauyuka, ga kasuwar da ranar cinta mutane ke kwararowa daga Najeriya da Mallawa da Dogo-Dogo har ba masaka tsinke. Moto biyu gare mu, wato babura, ɗaya kullum tana wurin mai gyara. In aka kawo ƙarar satar shanu, mai ƙara ne zai sayi esans, wato fetur, wani lokaci ma shi zai goya mu a motonsa. Mutum yakan yi kwana biyu bai cire takalmi ba.

Wata ranar kasuwa bayan an gama yankan gero, da hantsi, sai ihu ya tashi a kara, inda ake cinikin shanu. Wani mutum daga tsallaken iyaka ya kama igiyar wani bajimi yana rantsuwa nasa ne da aka sace masa. Wanda ya kawo san kuwa wani makiyayi ne, Ɗahiru, mutumin wata ruga ta wajen Dogo-Dogo, irin waɗanda ke kiwo suna kuma noma. Kafin a ce me, jama'a ta yi musu zobe, wasu da sanduna, har an fara jifa. Mu biyu muka kutsa, ni da abokin aikina Kamalu. Shekararsa biyu kacal da fara aiki, ran nan kuma kwanansa biyu a kan gadi ba wanda ya canje shi.

Gwaggo, ina tsaye kusa da su kamar daga tabarma zuwa bakin ƙofa. Ɗahiru bai gudu ba. Igiyar sansa na hannunsa na hagu, yana ta faɗin a tsaya a ji shi, sai ya kai hannun dama cikin aljihun rigarsa. Kamalu ya ɗauka wuƙa zai zaro. Ya ɗaga gindin bindiga ya sauke masa a gefen fuska. Da Ɗahiru ya kife, abin da ya faɗo daga hannunsa takardar allurar rigakafin san ce, naɗe cikin leda, da sunansa a jiki.

Ni na cire hulata na danne masa jinin. Ni na ɗaure shi a bayana da rawaninsa na kai shi likita a kan moto, daga can aka wuce da shi Damagaram. Idon hagu bai tsira ba. Bayan kwana tara aka ga san mai ƙara a wani gari daban, a hannun wasu mutane daban.

Washegarin abin, komisar ɗinmu na lokacin ya kira ni biro, wato ofishinsa. Na tarar da rapor, rahoton abin da ya faru, a kan tebur an riga an buga shi. Abin da aka rubuta shi ne wanda ake zargi ya yi yunƙurin gudu, ya faɗi a kan ƙarfen kwamin da shanu ke shan ruwa. Ya ce mini in aka rubuta gaskiya Kamalu zai tafi kaso, mu koma mu biyar, gari kuma zai taso mana, ba mamaki a sa wa komisariyar wuta. Ya ce za a kula da mutumin, ba za a yar da shi ba. Na karanta takardar sau biyu. Na ɗauki bik. Na sa hannu a wurin shaida.

Aka yi sulhu a zauren mai gari. An biya kuɗin magani duka, an ba da diyya ba laifi, shanu aka kora masa har ruga. Aka ɗauke Kamalu aka kai shi wata jaha. Dangin Ɗahiru suka dangwala yatsa cewa magana ta mutu, ba zuwa gidan shari'a. Abu ɗaya shi Ɗahirun ya roƙa a zauren nan, rabin fuskarsa a naɗe. Da aka fassara masa rapor ɗin ya ji kalmar gudu, ya ce a cire ta, shi bai gudu ba, in ya so a riƙe shanun. Aka ce masa takardar hukuma ba a goge ta. Dattawansa suka danne shi da ya yi haƙuri. Ba wanda ya karanta masa sunayen da ke ƙasan takardar. Ina zaune a bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

Na ɗauka shi ke nan an rabu. Ashe kalmar nan ta fi idon ciwo. Kin san mutanenmu, wanda aka ce ya gudu to akwai abin da ya sani. A da, rabin ma'aikata da ƴan kasuwar garinmu masu ƴar saniya ko biyu a wurin Ɗahiru suke ajiye kiwo, saboda amanarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Dillalan kara in ya kawo sa sai su yi ta zagaye shi suna duba kunne da cinya kamar kayan sata. Ƙarshe ya daina zuwa kasuwarmu, sai ya kora dabbarsa har Mallawa inda ba a san labarin sosai ba. Duk ina ji ina gani.

Bara abubuwa suka sake, kuma alhamdu lillahi sakewar alheri ce. Aka kawo mana sabon komisar, Inuwa, mutum ne mai sanyin magana amma ba ya ɗaukar wargi. Aka ƙaro mana sabbin ƴan sanda tara. Soja kuma suka ba mu motocinsu biyu masu buɗaɗɗen baya da suka gama da su, da hulunan ƙarfe, da rigunan da harsashi ba ya hudawa, da rediyon hannu. Ranar da motocin suka shigo gari da fentin soja, ga ƙarfen ɗora babbar bindiga a baya, mata suka kwashe tallarsu, aka fara rufe shaguna, an ɗauka yaƙi ne ya iso. Da komisar ya ga haka, cikin satin ya sa aka yanke ƙarfen nan aka sake fenti. Huluna da riguna ya kulle su a ɗakin ajiya, ya ce na ranar ƴan fashin hanya ne, ba na shiga unguwa ba. Akwai wani cikin sabbin da ya ɗauki mabuɗi ya ci ado da su, hula da riga da komai, ya tafi rabon faɗan wasu mata biyu a kan akuyar da ta ci shanyar kuɓewa. Komisar ya sa ya tuɓe ya koma da ƙafa ya ba su haƙuri. Har yau in ya wuce matan unguwar na kiransa Janar.

Motocin nan sun yi mana rana. Sau uku muna tare shanun sata kafin su tsallaka iyaka. Da damina mun ɗauko mace mai naƙuda daga wani ƙauyen da ko amalanke ba ya iya fitowa, ta haihu lafiya, har aka aiko mana da naman suna. Kowane wata komisar na tara shugabannin makiyaya da manoma da ƴan kabu-kabu da mata a gindin bishiyar ƙofar komisariya, kowa ya faɗi abin da ke cinsa, a gabanmu. Yau mutane na gaishe mu a hanya ba don tsoro ba. Ni kaina na san ranar hutu bayan shekaru. Da ba don abin da zan gaya miki ba, da na ce ban taɓa jin daɗin aikin nan kamar yanzu ba.

Cikin sabbin nan tara akwai mata biyu. Ɗaya sunanta Habsatu. Ta ci konkur, jarrabawar shiga aikin, ta yi horo, aka dawo da ita yankinmu saboda tana jin Fillanci kuma ta san rugage. Ƙanwar Ɗahiru ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kuma da yake na fi kowa daɗewa, ni aka ba koya musu aiki.

Gwaggo, ban taɓa ganin mai ɗaukar aiki kamarta ba. Matan ruga da a da ko inuwar komisariya ba sa takawa, yanzu zuwa suke su zauna su jira ta. Na taɓa tambayarta me ya kawo ta aikin nan, ta ce abin da ya sami yayanta ne. Ta ce ta ga zagin ƴan sanda daga waje ba ya mayar da ido, sai ta shigo don in an sake yin zobe a kara a samu wanda zai tsaya ya ji. Ba ta faɗa da zafi ba. Baba take kirana. In ta zo da fura daga gida sai ta zuba mini tawa daban.

Wata rana ina koya musu rubuta rapor. Bakina ya kama faɗin abin da aka koya mana tun muna sabbi, cewa ka rubuta abin da idonka ya gani kawai, ko da ubanka zai ci, don hannun da ka sa ba ya mutuwa. Na ɗaga kai na ga Habsatu na rubuta maganata a kaye, littafin rubutunta, tana ja mata layi a ƙasa. Sai na katse darasin. Na ce su tafi hutun minti goma, na zagaya bayan gini na tsaya kamar wanda ya manta abin da ya kai shi.

Bai fi sati biyu ba Ɗahiru da kansa ya zo komisariya, karo na farko tun abin. Ya kawo wa ƙanwarsa ƙwaryar nono da zabi biyu. Da ya gan ni sai ya juyo da gefen idonsa mai gani, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce wa Habsatu, ga mutumin da ya goya shi ran nan, ba don shi ba da jini ya ƙare a kara. Ya ce tun da ya ji a hannuna take hankalinsa ya kwanta. Ɗaya daga cikin zabin nan nawa ne. Na karɓa, Gwaggo. Na ce na gode. Matata ta soya, ban iya ci ba.

Yanzu ga inda na rasa tudun dafawa. Gara ta shiga ɗakin da muke ajiye tsoffin takardu, komisar ya ce a fito da su a tsara shekara shekara, ya ba ni aikin ni da Habsatu. Kullum da yamma muna yin awa guda. Mun faro daga tsoffi, yanzu saura shekara biyu mu iso shekarar abin. Ba zai wuce wata guda ba. Ranar Talatar da ta wuce ta fita alwala, na zaro dosiyen, ƙunshin takardun abin da ya sami Ɗahiru, na buɗe. Ga sunana, ga hannuna, gara ba ta taɓa ko gefensa ba. Shaiɗan ya ce mini in cusa shi cikin riga, wa zai sani, a ce gara ta cinye. Na daɗe riƙe da shi. Na mayar, amma can ƙasa na tura shi, kuma ban san abin da zan yi gobe ba.

Na gaya wa matata Zuwaira komai. Ta yi kuka, sannan ta ce in yi shiru. Ta ce saura shekara uku in yi retret in ajiye aiki, ga ƴaƴa huɗu, babbar na karatun sakandare a lise a Damagaram, in aka kore ni wa zai riƙe su. Ta ce an yi sulhu, an ba da diyya, an dangwala yatsa, me zai sa in tono abin da manya suka binne. Ta ce ba ni na bugi Ɗahiru ba. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ni ma ina tunanin Kamalu, na ji ya yi aure har da ƴaƴa biyu, kuma tun ran nan an ce ko tsawa ba ya yi wa kowa. Ina tunanin amincin nan da komisar ya sha wuya ya gina, kada in buɗe baki gari ya ce ashe duk kanwar ja ce. Ina tunanin Habsatu, kada ta ajiye kaki saboda ni, a rasa irinta.

Amma in na yi shiru, mutumin da ya riƙe hannuna yana sa mini albarka zai mutu da sunan ɓarawo, ni kuwa na san bai gudu ba.

Gwaggo, in faɗa ko in yi shiru? In zan faɗa, wa zan fara gaya wa? Ki yi mini magana kamar ɗan cikinki, ko da zagi ne zan ɗauka.

Naki,
Birgadiye mai nauyin zuciya, daga bakin iyaka

AMSAR GWAGGO AISA

Wa alaikumus salam, ɗana.

Zagi kam ba za ka samu a wurina ba, ka riga ka yi wa kanka wanda ya isa. Amma gaskiya za ka ji, kuma zan fara da mai gaggawa. Kada ka sake taɓa dosiyen nan kai kaɗai. Gobe ka ciro shi daga ƙasan da ka tura shi ka mayar inda yake. Hannun da ka sa shekara uku da suka wuce, ka sa shi ne da tsoro, da shugaba a tsaye a kanka. In ka ɓatar da takardar nan yau, kai kaɗai ka yi, da hankalinka, kuma ka ƙone hanyar da za a bi a wanke Ɗahiru. Wancan laifi ne mai gyaruwa, wannan ba shi da magani.

Na yarda da duk abin da ka faɗa game da yadda kuke a da. Mutum shida ba za su riƙe kasuwar iyaka ba, wanda kuma ya kwana biyu bai rintsa ba zai iya ganin wuƙa a inda takarda take. Ƙarancin ma'aikata da gajiya suna da rabonsu a bugun da Kamalu ya yi. Amma kai ba a cikin ihu ka sa hannu ba. A biro ka sa, washegari, bayan ka karanta sau biyu. Wannan naka ne, kuma ka sani, shi ya sa ka rubuto.

Zuwaira ba muguwa ba ce. Uwa ce mai ƙirga bakunan da ke cin tuwo a gidanta, kuma abin da take tsoro zai iya faruwa. Ba zan yaudare ka in ce ba abin da zai same ka ba. Ana iya ja maka kunne, ana iya rage maka girma, ana iya yin abin da ya fi haka. Ni ba masaniyar doka ba ce, saboda haka kafin ka buɗe baki a wurin aiki, ka ɗauki kwana guda ka je Damagaram ka ga aboka, wato lauya, ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke ba mutane shawarar shari'a. Ka tambaya ƙarara me doka ta ce a kan wanda ya zo da kansa ya gyara shaidarsa, me zai sami retret ɗinka, kuma yaya sulhun da aka yi zai kasance. Ka tafi da Zuwaira ta ji da kunnenta. Tsoron abin da aka sani ya fi sauƙin ɗauka. Sannan ka tuna mata cewa shirun da take so ba a hannunku yake ba. Nan da wata guda Habsatu za ta buɗe dosiyen. Abin da ya rage maka zaɓi a kansa shi ne ta ji daga bakinka ko ta gani a takarda, kuma a wurin hukuma da wurin mutane, wanda ya kawo kansa da wanda aka kamo ba ɗaya suke ba.

Da ka dawo, ka zauna ka rubuta abin da ka gani ran nan da hannunka, tun daga ihun har zuwa biro. Ka sa igiyar da ke hannunsa, ka sa takardar rigakafin, ka sa kwana biyun da Kamalu ya yi a kan gadi, ka sa abin da aka gaya maka kafin ka sa hannu. Kada ka ƙara gishiri don ka nutsar da wani, kada ka rage don ka ceci kanka. Ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi ɗaya a gida, ka kai wa komisar Inuwa ɗaya. Mutumin da ya yanke ƙarfen bindiga daga bayan mota don kada mata su tsorata, ina kyautata zaton zai san darajar abin da ka kawo masa. A zaman nan ka roƙe shi ya dakatar da aikin tsara takardu har ka ga Ɗahiru.

Kamalu ma yana da hakkin ya sani kafin magana ta iso shi daga sama. Ka kira shi ka gaya masa abin da za ka yi, ba izini za ka nema ba. Mutumin da ka ce ko tsawa ya daina yi, ban yi zaton barcinsa ya fi naka daɗi ba. Wataƙila shi ma jira yake wani ya fara.

Sai babban aikin. Ɗahiru za ka fara gani kafin Habsatu, domin shi aka zalunta. Ka je rugarsu ba tare da kaki ba, a kan motonka, kada ka kuskura ka je da motar nan ta aiki. Ka tafi da dattijo ɗaya da yake girmamawa. Ka gaya masa cewa wanda ya goya shi da wanda ya shaida ya gudu mutum ɗaya ne. Daga nan ka kama bakinka ka saurara. Kada ka roƙi gafara a numfashin da ka faɗi laifi, don makiyayi mai kunya zai ce ya yafe alhali zuciyarsa ba ta iso wurin ba, kai kuma ka sake cin alherinsa kamar yadda ka karɓi zabuwar nan. In ya tashi ya bar ka zaune, ka ɗauka. In ya ce sai gidan shari'a, hakkinsa ne, ka ce za ka tsaya ka faɗi abin da ka gani.

Amma ka lura da abin da ya roƙa a zauren mai gari. Bai ce a ɗaure kowa ba, bai ce a ƙara masa shanu ba. Kalma ɗaya ya ce a cire. Diyya ta biya ido iyakar yadda ake iya biyan ido, sunansa ne ba wanda ya biya, kuma wannan kai kaɗai ke da abin biya. A kara aka ɓata sunan, a kara ya kamata a wanke shi, ranar kasuwa, gaban dillalai da masu shanun da suka janye kiwonsu. In Ɗahiru ya yarda, komisar kuma ya amince, ka tsaya a wurin ka faɗa da bakinka cewa mutumin nan bai gudu ba, san nasa ne, kai ka gani. A gyara kuma a rubuce, a karanta masa a harshensa, a ba shi tasa takardar ya ajiye.

Kana tsoron amincin da aka gina ya rushe. Ni akasin haka nake gani. Mutanen garinku ba su manta da abin da ya faru a kara ba, akwai ɗaruruwan idanu ran nan, wasu sun ga abin da ka gani suka yi shiru don hukuma ta riga ta rubuta. Motoci da sabbin ma'aikata sun nuna musu kuna da ƙarfin taimako. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne ɗan sanda ya tsaya da furfurarsa ya ce mun yi kuskure. Za a yi surutu, wasu za su zage ka, sati biyu ko wata. Bayan nan za su san cewa a komisariyar nan ana iya gyara takarda saboda talaka. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Habsatu kuwa, ka gaya mata da kanka a ranar da ka ga yayanta, kada ta kwana ta ji a bakin wani. Za ta ji ciwo, ba mamaki ta daina kiranka Baba, ka bar ta. In ta ce ba ta son aiki a ƙarƙashinka, kai ka roƙi komisar ya mayar da ita hannun wani, kada ka bar mata nauyin roƙon. Ban yi zaton za ta ajiye kaki ba. Yarinyar da ta shigo aikin nan da idon yayanta a zuciya ba don kai ta shigo ba, kuma ba za ta fita don kai ba. Ta san cewa wani ya sa hannu a takardar nan tun kafin ta ci konkur. Abin da ba ta sani ba shi ne ko a cikin gidan nan naku akwai mai iya dawowa ya ce ni ne.

Ɗana, shekara ashirin da biyu ka yi kana kai mutane gaban gaskiya, sau ɗaya ne aka ce ka kai kanka. Akwai sauran alheri mai yawa a jikinka, mutumin banza ba ya rasa ɗanɗanon tuwo a kan sunan makiyayi. Kada ka ja abin ya wuce sati biyu. Ka yi sammako ranar da za ka ruga, ka isa tun shanu ba su fita kiwo ba.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar Zuwaira, ya rufa wa ƴaƴanku asiri. Allah ya sa ka tarar da Ɗahiru a gida.

Taka,
Gwaggo Aisa